Yadda Ake Haɗa Kiwon Aladu da Lambu a Ƙaramin Gida

Gidan da ke da aladu biyu ko uku da ɗan lambu a baya, harkarsa zagayawa take yi. Ragowar ganye ya bar lambu ya shiga cikin alade, kashin alade ya fita ya zama taki, takin ya sake komawa lambu. Da jin haka mutum zai ce ai abu ne mai sauƙi. To amma hanyar da abinci ke bi ita ce cuta ma ke bi, kuma wurare biyu ne ake tare ta: bakin kwamin da ake zuba wa dabba abinci, da tarin takin da ke tsakanin ɗakin aladu da lambu. A kan waɗannan biyun zan fi daɗewa. Wanda awaki ko tumaki yake kiwo ma zai samu abin ɗauka a batun taki, domin hanyar haɗa shi kusan ɗaya ce.

Kafin alade ya shigo gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, ka jira ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ka fita ka zagaya filinka ka ga inda ruwa ke gangarawa. Rijiya ta kasance ta sama, ɗakin aladu da tarin taki su kasance ta ƙasa, kuma a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu da rijiyar. Ka lura da ɓangaren da iska ta fi kaɗowa, don kada ta riƙa kwaso wari tana shigar da shi ɗakin kwananka ko na maƙwabci. Wurin taki kuwa ka sa shi a tsakiya, yadda baro zai tashi daga ɗakin aladu ya sauke, ya kuma ɗauka ya wuce lambu ba tare da ya bi ta ƙofar kicin ba. Hanyar nan za ka bi ta kullum har tsawon shekaru, saboda haka gajartarta ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗakin kansa ba ya buƙatar ado. A yi daɓen siminti mai ɗan kaushi don kada dabba ta zame, a karkata shi kamar santimita 2 zuwa 3 a kowace mita zuwa ga magudana. Bango ya kai mita ɗaya da ɗan ɗori, a bar sama a buɗe har zuwa rufi don iska ta ratsa. Kowane alade mai tasowa a ba shi fili kamar mita ɗaya da rabi murabba'i, in an samu fiye da haka ya fi. Mutane da yawa sun ɗauka alade ba ya son tsabta, alhali idan ya samu wuri shi da kansa yake ware kusurwar kashi daban da wurin kwana. Ka taimaka masa: shimfiɗar busasshiyar ciyawa a ɓangaren tudu, ruwan sha a ɓangaren gangara kusa da magudana. A wajen da ke da danshi zai riƙa yin kashi, shara ta zo maka da sauƙi.

Ƙofa ita ce ake rainawa. Alade yana cusa hanci ta ƙasa ya ɗaga, kuma ƙarfin wuyansa ya wuce yadda ake zato. Na taɓa sa ƙofar da ake ratayawa kawai a kan ƙugiya, da safe na tarar da ita kwance a ƙasa, fangalin kabeji guda ya zama kamar an yi masa huɗa. Aikin wata biyu ya tafi a dare ɗaya. Tun daga ranar sakata biyu nake sawa ta waje, sama da ƙasa, kuma lambun ma na zagaye shi da nasa shingen.

Sai zafi. Alade ba ya iya sanyaya jikinsa da gumi kamar mutum, shi ya sa yake birgima a taɓo. Idan ka ga yana haki baki buɗe ya ƙi abinci da tsakar rana, zafi ne ya dame shi. Inuwa mai kyau, iska, da ɗan yayyafin ruwa a wuya da kafaɗa sun wadatar.

Sayen na farko

Ka fara da biyu. Ɗaya shi kaɗai yana damuwa, ya yi ta kuka yana neman hanyar fita, fiye da uku kuma abinci zai fi ƙarfin gidan da bai saba ba. Ka sayi yayayyu masu kimanin mako takwas, daga gida ɗaya, inda za ka ga uwar da idonka ka ga yadda ɗakinsu yake. Mai lafiya yana da kuzari, gashinsa a kwance, idonsa garau, ba tari, ba alamar gudawa a gindin wutsiya. Wanda ya raɓe a kusurwa ka bar shi ko da kuɗinsa ya yi sauƙi, araha ba ta ado. Idan da ma kana da wasu aladun, sababbin su zauna a killace nesa da su har kwana 30, da nasu bokiti da nasu tsintsiya. A cikin kwanakin nan ne za ka kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki, ya duba ƙazuwa, ya gaya maka rigakafin da ake yi a yankinku.

Abin da ke shiga kwami

Cikin alade guda ɗaya ne kamar na mutum, ba irin na saniya ko akuya ba da ke tuƙa. Ciyawa da ganye kaɗai ba sa gina shi. Ginshiƙin abincinsa hatsi ne da dusa, sai abin da ke ba da furotin kamar tunkuzar gyaɗa, waken soya ko garin kifi, da ɗan gishiri da garin ƙashi. Ƙanana suna buƙatar furotin kamar kashi 18 cikin ɗari na abincin, manya masu kusa da sayarwa kuwa kashi 14 ya ishe su. Yawan abincin yini ya kan kama kusan kashi 4 cikin ɗari na nauyin jiki, wato mai kilo 50 zai ci wajen kilo 2. A raba shi biyu, safe da yamma, a kan lokaci guda kullum. Ganyen lambu ƙari ne a kai, ana ba da shi da rana.

Ido ya san kima, amma igiyar awo ta fi shi. In ba ka da sikeli, ka auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, ka auna tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duka a mita. Ka ninka zagayen ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, sannan ka ninka da 69. Abin da ya fito shi ne kimanin nauyin a kilo. Ka riƙa yi duk mako biyu kana rubutawa. Ingantaccen iri da ke samun abinci sosai yana kai kilo 90 zuwa 100 a wata shida ko bakwai.

Daga lambu, ganye da yaɗon dankali su ne kan gaba, sai kabewa, ganyen kabeji na waje, karas da ya tsage, da masarar da ba ta cika ba. Akwai kuma abin da ba a bayarwa. Ɗanyen rogo sai an jiƙa ko an shanya shi ya bushe sosai, saboda gubar da ke cikinsa. Ɗanyen waken soya sai an gasa ko an dafa, in ba haka ba yana hana jiki amfana da furotin. Dankalin turawa da ya yi kore ko ya tsiro, da ganyensa, da ganyen tumatir, su wuce tarin taki. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar, domin gubarsa tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ganyen da aka fesa wa maganin ƙwari kuma a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika.

Yanzu ga babban abin. Kada ragowar nama, ko abincin da ya haɗu da nama, ya shiga kwami. Na san jarabar da ke ciki: wani mai sayar da abinci zai ce ka zo ka kwashe ragowa kyauta, ka ga kamar ka tsinci dami a kala. Ta wannan hanyar ce zazzaɓin aladu na Afirka ya fi tsallaka ƙasashe. An fara bayyana cutar a Kenya a 1921, ta shiga ƙasar Jojiya a 2007, ta isa Sin a 2018 ta kashe aladu bila adadin. Ƙwayar cutar tana rayuwa watanni a cikin naman da aka busar ko aka daskarar, ba ta da magani, kuma mai tsananinta kusan ba ta barin ko ɗaya a ɗaki. Ba ta kama mutum, amma mutum ne ke yawo da ita a takalmi da tufafi. Annobar ciwon baki da ƙafa da ta auka wa Birtaniya a 2001, wadda aka kashe dabbobi sama da miliyan shida saboda ita, an gano ta taso ne daga wata gonar aladu da ake ba su ragowar abinci ba a dafa ba, kuma a shekarar ƙasar ta haramta yin haka gaba ɗaya. Inda doka ta yarda da ba da ragowar kicin, a tafasa shi awa guda cur ana juyawa. Ni dai ɓawon kayan lambu kawai nake ɗauka daga kicin, a bokitinsa na daban.

Ruwa kada ya yanke ko na rabin yini. Mai tasowa yana shan kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, mai shayarwa kuwa lita 20 ba ta yi mata yawa. Aladen da ya daɗe ba ruwa sannan ya sha da yawa lokaci guda yana iya kamuwa da jijjiga ya mutu, don haka in an yi kuskure ruwa ya ƙare, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Yadda yini ke tafiya

Da safe lambu ake fara shiga, kafin ɗakin aladu. Ka yi ban ruwa, ka tsinko abin da gida zai ci da abin da za a kai wa dabbobi, hannunka da takalminka suna da tsabta. Bayan nan ka sauya zuwa takalmin roba da ba ya zuwa ko'ina sai ɗakin aladu. Ka zuba abinci, ka tsaya minti biyu ka kalle su. Lafiyayyen alade da gudu yake zuwa kwami, wanda ya kwanta ya ƙi tashi kuwa, ruwa ba ya tsami banza. In ka ga zazzaɓi, kunnuwa da ciki sun yi ja ko shuɗi, ko ɗaya ya mutu farat ɗaya, ka rufe ƙofa ka kira likitan dabbobi. Kada ka yi saurin yankawa ko sayarwa don rage asara, wannan ita ce hanyar da cutar ke shiga gidan kowa.

Suna ci kana kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da shebur, a bushe, kafin a zuba ruwa. Baro ya wuce wurin taki. A wanke takalmi, a wanke hannu da sabulu. Yara suna iya tsinkar ganye da cika ruwa, kuma suna jin daɗin hakan, amma ƙaramin yaro ba ya shiga wurin uwa mai 'ya'ya. Baƙi kuma, musamman masu sayen aladu da ke bi gida-gida, su tsaya daga waje su leƙa.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai shi ne sakin alade ya yi yawo, da rashin masai mai rufi a gida. Aladen da ya ci bayan gidan mutum yana ɗaukar ƙwan wata doguwar tsutsar ciki, ta yi ƙuraje a namansa, ta komo ga mutane. Idan ƙwan ya shiga cikin mutum ta ƙazamin hannu ko ganye, yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya da wannan tsutsa a wuraren da ta yi katutu.

Tarin taki

Ɗanyen kashin alade ba ya shiga lambu. Yana ƙona saiwa, yana jawo ƙuda, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki mai iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. Zafi da lokaci ne ke gyara shi.

Ka ware gurbi uku jere a inuwa, kowanne kamar mita ɗaya da rabi ta kowane gefe: ɗaya ana tarawa, ɗaya yana dahuwa, ɗaya ya nuna ana ɗiba. A ƙasa ka shimfiɗa kara ko ƙananan rassa kaurin taƙi ɗaya don iska ta shiga ta gindi. Daga nan sai hawa-hawa: baro ɗaya na kashi, baro biyu ko uku na busasshen abu, wato yankakken kara, busasshen ganye, ƙaiƙayi, tsohuwar shimfiɗa ko dusar katako. Kowane hawa a yayyafa ruwa. Gwajin danshi da hannu ake yi, da safar roba: ka damƙi abin ka matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ya yi daidai, in ya zubo ruwa ya yi yawa, in ya warwatse kana buɗe hannu ya bushe. Idan tarin ya kai tsayin mita ɗaya ka daina ƙari, ka rufe shi da ciyawa ko tsohon buhu, sabon kashi ya koma gurbi na gaba. Wannan yana da muhimmanci, domin duk ranar da ka zuba ɗanye a kan mai dahuwa, ƙidayar kwanaki ta koma farko.

Cikin kwana biyu zuwa huɗu ciki zai ɗauki zafi. Abin da ake nema shi ne digiri 55 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyas. In ba ma'auni, ka soka sandar ƙarfe har tsakiya, ka bar ta minti goma, ka zaro ka taɓa. In ba ka iya riƙe ta fiye da ɗan lokaci kaɗan, aiki na tafiya. Ƙa'idar noman da ba na sinadari ba a Amurka ta ce irin wannan tari ya riƙe digiri 55 ko sama har kwana 15, a kuma juya shi aƙalla sau biyar a tsakanin. Dalilin juyawar shi ne tsakiya ce kawai ke yin zafi, gefe da sama a sanyaye suke. Saboda haka in za ka juya, abin da ke waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, amma tarin da ba a juya ba rabinsa ɗanye ne ko da ya yi baƙi ta sama.

Hanci zai gaya maka sauran. Warin fitsari mai hawa kai na nufin kashi ya yi yawa, a ƙara busasshen abu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska, a juya a bar shi ya sha iska. In ba wari ba zafi, ko ya bushe ko tarin ya yi ƙanƙanta. Bayan gidan mutum, kashin kare da na kyanwa, mushe, da kashin aladen da ke ciwo, ko ɗaya ba ya shiga.

Idan zafin ya sauka ya daina dawowa bayan juyi, ka bar shi ya huta wata biyu zuwa uku. Nunannen taki baƙi ne, yana marmashewa, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, ba ka gane kara ko kashi a ciki. In kana shakka, ka cika gwangwani da shi haɗe da ƙasa ka shuka wake biyar. In sun fito kore shar, ya nuna.

Komawa lambu

A baza shi kaurin santimita 3 zuwa 5 a kan fangali, a cuɗa da ƙasar sama da fartanya, a yi ban ruwa, a jira kamar mako biyu kafin dashe. Masara, kabewa, kabeji da itatuwan marmari su ne suka fi son sa. Abin da ake ci ɗanye kuma yana taɓa ƙasa, kamar latas da karas, ni ba na sa musu takin alade sai wanda ya wuce wata shida kuma na tabbatar ya yi zafi yadda ya kamata. Ƙa'idar Amurkan nan ta ce in ɗanyen taki ya shiga ƙasa, a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wannan lissafin ne za ka yi idan ka saki aladu cikin wani killataccen yanki na lambun bayan girbi don su tone saiwa su juya ƙasa. Suna yin aikin da kyau, amma yankin sai a shuka masa masara ko a bar shi ya huta.

Ruwan wankin ɗaki ma haka. Ya bi magudana zuwa rami mai tsakuwa, a dasa ayaba a gefensa ta riƙa sha. Ba a ban ruwan ganye da shi.

Ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na lambun don dabbobin, ka cika shi da dankali. Ana yankar yaɗonsa yana sake tohowa, yana rufe ƙasa ya hana ciyawa, ƙananan 'ya'yan da ba su kai na tukunya ba kuma a dafa a ba aladu.

In ka kai ga haihuwa

Shekarar farko ka tsaya a kiwatawa. In hannunka ya faɗa kana son ajiye uwa, a kai ta barbara tana wata bakwai zuwa takwas. Neman namiji yana dawo mata duk kwana 21, alamarsa in ka danna bayanta da hannu biyu sai ta tsaya cak. Ciki wata uku ne da mako uku da kwana uku, wato kwana 114, ka rubuta ranar. Kafin haihuwa a kafa ƙarfe ko katako a jikin bango, kamar santimita 25 daga ƙasa da kuma daga bangon, don 'ya'ya su samu wurin kaucewa in uwa za ta kwanta, domin dannewa ce ta fi kashe su. Kowane ɗa ya sha dakashi a yinin farko, a ba su kusurwa mai ɗumi, a yi musu allurar ƙarin jini a kwana na biyu ko na uku tunda nonon uwar ba shi da isasshen sinadarin ayon. Ana yaye su tsakanin mako huɗu da takwas.

Ranar da aladu suka bar gida, kada sababbi su shigo washegari. A kwashe shimfiɗa duka a kai tarin taki, a goge daɓe da bango da kwami da sabulu, a shafa farar ƙasa, a bar ƙofa a buɗe rana ta shiga har mako biyu. A cikin makonnin nan ne za ka gyara sakata, ka toshe inda daɓe ya fashe, ka kwashe gurbi na uku ka kai lambu don ya samu wurin karɓar kashin waɗanda ke tafe.